Wuraren da "Akwai" Ta Kwanar da Ni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a kan hanya, ya tsare ki a inda za ki sauka, amin. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa a cikin jakarki alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. To, ke kika jawo. Sau uku ina zaunar da ke a kan maganar nan, sau uku kina ce min "to, Mama" idonki yana kan waya. Ni na haife ki, na san "to" ɗinki na yarda, na kuma san na "ki gama in tashi". Shi ya sa na ari biro wurin babanki na zauna rubutu, ga ciwon wuyan hannu, ga tabarau da ya tsage.

Maganar ɗaya ce, kin kuma san ta: inda za ki riƙa kwana duk ranar Laraba. An tura ki aikin allurar rigakafi a ƙauyen nan na wajen Damari. Ba za ki gama ba sai la'asar, kuma ke ma kin san babu mai hankalin da zai kamo hanyar Birnin Gwari bayan la'asar a wannan zamani. Dole ki kwana can. Na ce ki sauka a gidan Ladi, tsohuwar unguwarzomar ƙauyen, kika ce a'a, ba kya son takura wa mutane, za ki shimfiɗa zaninki a gadon asibiti ki kwana ke kaɗai. Har da nuna min hotuna a waya, wai Turawa kuɗi suke biya su kwana a kan bishiya, wasu a cikin tsohon jirgin sama, wasu a ɗakin ƙanƙara, ke kuwa naki kyauta ne. Ummi, ba don ina azumin Litinin ranar ba, da kin ji abin da ba ki taɓa ji daga bakina ba.

Ni za ki nuna wa wuraren kwana na ban mamaki? Shekara ashirin da bakwai na yi ina ratsa dajin nan da akwatin allura a kafaɗa kafin in ajiye aiki. Na kwana a kan tebura uku na ajin firamare da na haɗa wuri ɗaya. Na kwana a saman lodin masara. Na kwana a shagon tela cikin tarin ƙyallaye, na tashi da allurar ɗinki a gashina. Na kwana a rumbu, na kwana a ɗakin injin niƙa, na kwana a kan gadon haihuwa ba tare da ciki ba. Turawanki ba su kama ƙafata ba. Sai dai babu ko ɗaya a cikin wuraren nan da na zaɓa don sha'awa. Kalma ɗaya ce ta kai ni dukkansu, ita ce "akwai".

Kakarki, wadda kika ci sunanta, Allah ya jiƙanta, ta rene mu a kan cewa 'yar mutunci ba ta karɓar tayin farko. In an ce, "Kina da masauki?" sai ki ce, "Akwai, na gode," ko da ba ki san inda za ki sa haƙarƙarinki ba. In an sake, ki ce, "Kada ku wahalar da kanku." Sai an yi na uku, an riƙe miki hannu, sannan ki shiga kamar an tilasta miki. A unguwarmu abin yana tafiya daidai, domin kowa ya san lissafin, mai tayi ya san zai yi sau uku, mai ƙi ya san za a sake. Ni kuma da wautata na ɗauka duk duniya unguwarmu ce. Kunya nake kiran abin a lokacin. Yanzu da furfura ta fito, na gane rabinsa kunya ce, rabinsa girman kai ne, kuma dukkansa na gani a fuskarki ranar da kika ce ba kya son takura wa mutane.

Shekarata ta farko a aiki, ko aure ban yi ba, aka tura ni wani ƙauye ta wajen Kusasu. Kafin in gama allura rana ta yi sanyi, motar da ta kawo ni ta daɗe da juyawa. Matar mai unguwa, Bahaushiya ce irinmu, ta san lissafin sarai, ta ce, "Malama, kina da masauki kuwa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Akwai, Inna, na gode."

Ta ce, "Haba, ki shigo mana, ga ɗaki nan."

Na ce, "Kada ki wahalar da kanki."

Saura tambaya ɗaya fa, har na gyara riƙon akwatina ina shirin shiga. Sai ga ƙaurin tuwo ya taso daga cikin gida. Baiwar Allah ta yi salati ta ruga, ta bar ni tsaye a ƙofar zaure. Na jira, na jira, aka kira magariba, aka kira isha'i, aka rufe zaure. Ita ta ɗauka na tafi masaukin nan nawa da na ce akwai.

Me ya hana ni ƙwanƙwasawa? Ki tambayi kanki, tunda a wurina kika gaji halin. Na zagaya bayan gidan na ga wani rumbu, lokacin kaka ba ta yi ba, babu komai a ciki, ga tsani a jingine. Na hau, na ɗaga jinkar, na zura akwati, na bi shi. Babu dawa a ciki, amma ƙaiƙayinta yana nan, shi ya zame min shimfiɗa, shi ya zame min mayafi. Shirina shi ne in fito da asuba kafin kowa ya farka, in zo ina miƙa kamar wadda ta kwana a katifa. Abin da ban lissafa ba, tsanin a waje yake, ni a ciki nake, bangon rumbu kuwa sumul, ya kuma fi tsayina.

Sai da hantsi ya fito na ji takun mutum a kusa. Na gyara murya na ce, "Salamu alaikum." Mutumin ya fara amsawa, ya kai "wa alaikum", sai ya lura daga inda sallamar ta fito. Ban ji ƙarshenta ba, sai ƙarar takalminsa. Da suka dawo sun fi ashirin, liman yana gaba yana karanta abin da ya sawwaƙa, sauran da sanduna. Da igiyar guga aka ciro ni, jikina duk ya yi rudu-rudu da susa. Matar mai unguwa ta riƙe haɓa ta ce, "Malama, ai da kin shigo. Tuwo ne fa ya kama." Washegari akwai sauran unguwa guda da zan yi wa allura. Yara huɗu kacal aka kawo, su ma iyayensu kallona suka zo yi. Wa zai miƙa ɗansa ga matar da aka ciro daga rumbu?

Don haka in an yi miki tayi, ki karɓa tun mai tayin bai rufe baki ba. Mutane suna da tuwo a wuta, suna da yaro mai kuka, ba su da lokacin tsayawa su lallashi baƙo ya yarda a yi masa alheri.

Kina tsammanin na yi hankali? Ina. Bayan shekara biyu, a wajen Gwaska, hanya ta lalace, babu abin hawa. Matar hedimasta ta tambaye ni daga nesa, da goyo a bayanta da tulu a kanta. Na ce akwai, ta ce madalla, ta wuce. Na ƙare a ɗakin injin niƙa, domin shi kaɗai na gani babu kwaɗo. Na kwanta tsakanin injin da buhunan mutane, na lulluɓa da mayafi. Gari bai gama wayewa ba mai injin ya shigo, ko dubawa bai yi ba, kuma me zai sa ya duba? Ya tayar da injinsa. Bel ɗin ya kama bakin mayafina ya fizge shi daga jikina, ina gani ya naɗe shi ya yayyaga. Kin san yadda nake zagaya mayafi a wuya in ana sanyi. Ranar dai Allah ya sa ban zagaya ba, shi ya sa aka haife ki. Mutumin ya kashe injin, ya kalle ni fara fat da gari, ya ce, "Baiwar Allah, duk gidajen garin nan?" Na yi sati uku ina tarin garin masara.

Ki riƙe wannan. Duk wurin da ba a gina shi don kwana ba yana da mai shi, kuma zai zo da safe ya yi abin da aka gina wurin dominsa, ba tare da ya nemi izininki ba.

Yanzu bari in zo kan gadon asibitin nan da kike ta yi min kwalliya da shi. Na riga ki. Wani ɗan asibitin ƙauye ne mai ɗaki biyu, can bayan gari, irin dai wanda za ki. Mai gadin, wani dattijo, ya ce in ba ni da wuri matarsa za ta shimfiɗa min tabarma. Kin san abin da na ce. Na yi kamar na tafi, da ya nufi masallaci na dawo na shige, na haye gadon haihuwa, ina ta yaba wa kaina dabara. Dattijo ya dawo ya garƙame ƙofa da kwaɗo ta waje, yadda ya saba. Washegari kuwa kasuwar wani gari ce, tun asuba ya tafi da makullin a aljihu.

Tagogin duk da ƙarafa. Na yi kira har muryata ta dushe, babu mai amsawa sai awakin da suke kiwo a gindin taga. Ina zaune ina kallon ƙanƙarar akwatina tana narkewa, maganin da na ɗauko tun daga gari yana lalacewa a gabana. A can tsakiyar ƙauye kuwa, mata sun taru a gindin ɗorawa tun safe da jarirai, sun bar gonakinsu a tsakiyar damina, wasu daga rugage suka tako da ƙafa. Suka jira har rana ta take, suka watse. Sai la'asar dattijo ya dawo ya buɗe ƙofa, ya ja da baya, ya ce, "Ikon Allah. Malama, ai kin ce akwai." Da na koma bayan wata guda da sabon magani, rabinsu ba su zo ba. Wata Bafulatana ta kalle ni ta ce, "Mu mun zo, ke ba ki zo ba." Na kasa gaya mata ina nan kusa da su, a kulle, saboda na fi ƙarfin tabarmar matar mai gadi.

Wancan lokacin ma ke nan, da babu abin tsoro a dajin nan sai 'yan fashin babbar hanya. Yanzu fa? Kin san yadda mutanen ƙauye suke kwana a yau, kunne ɗaya a buɗe. In an ji motsin da ba a gane ba, maƙwabci ne yake buga wa maƙwabci ƙofa, a tashi yara, a bi hanyar da su kaɗai suka sani. Ƙofar da aka san da mutum a bayanta ita ake bugawa. Wa zai ruga bayan gari ya buga ƙofar asibitin da kowa ya san babu mai kwana a ciki? Gidan Ladi a tsakiyar gari yake, kuma rabin mutanen garin a hannunta aka haife su. In za a tashi mutum ɗaya, ita za a fara tasa. Ba na barci in na tuna za ki kwanta a inda babu wanda zai tuna da ke, kuma abin yana ba ni haushi ƙwarai da har sai na rubuta miki wannan a takarda.

Saura guda ɗaya, ita ce ban taɓa gaya miki ba. Kin san Anti Asabe, ƙawata mai ɗinki, mai jan ƙafar hagu. Kina ƙarama kin tambaye ni me ya sami ƙafarta, na ce maciji ne. Gaskiya na faɗa, amma ba duka ba.

Tare muke aiki da ita a da. Wata damina, kina da shekara biyu, aka tura mu wannan ƙauyen da za ki. Ladi ce ta tara mana mata, ita ta riƙa riƙe yara muna yi musu allura, tun safe har yamma ba ta zauna ba. Kafin mu gama aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo, babu ƙetarawa. Muka raka ta har ƙofar gidanta, ta juyo ta ce, "Malamai, kuna da wurin kwana?" Asabe ta buɗe baki za ta yi magana, na mintsine ta a cinya, na ce, "Akwai." Ladi ta ce, "To, sai da safe," ta shige gida.

Muka tsaya a ƙofar, ina ta gyara igiyar akwati da ba abin da ya same ta, ina jiran ta fito ta sake tambaya. Ba ta fito ba.

Asabe ta ce, "Hajara, bari in shiga in gaya mata gaskiya."

Na ce, "Allah ya kiyaye. A ce malaman asibiti sun dawo suna roƙon ɗaki bayan sun ce suna da shi?"

Ta ce, "To ina za mu?"

Na ce, "Ke dai biyo ni."

Na girme ta, na kuma riga ta shiga aiki, sai ta biyo ni. Na kai mu wata bukkar gona a bakin daji, rufinta ya zube rabi, akwai tarin kara a gefe. Muka raɓa muka kwana a zaune. Da asuba Asabe ta miƙe za ta nemi ruwan alwala, ta sa ƙafa kusa da karan nan tana laluben takalminta. Kububuwa ce a ciki. Ban taɓa jin ƙara irin wadda ta yi ba, ba na kuma fatan in sake ji.

Da gudu na shiga gari, kuma ƙofar da na ƙi ƙwanƙwasawa jiya ita na je ina duka da hannu biyu. Mijin Ladi ya ɓalle ƙyauren ɗakinsa, a kan ƙyauren aka ɗauko Asabe, maza huɗu suka ratsa rafin nan da ita ruwa har ƙirji. Ladi ta leƙa cikin bukkar, ta daɗe tana kallo, ta juyo ta kalle ni. Rai ya tsira, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Asabe ta bar aikin da take so, domin mai jan ƙafa ba ta iya yawon ƙauyuka. Ba ta taɓa tona ni ba, ko wurin mijinta. Sau ɗaya tak, muna zaune tana ɗinka miki kayan sallah, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Hajara, da kin bar ni na yi magana." Ta ci gaba da taka kekenta da ƙafar dama.

Shawarar da ke cikin wannan ba ta da tsawo. In kina tare da wani, kada ki amsa da bakinsa. In kuma kin yi ƙarya don kunya, ki koma ki warware ta nan take, kunyar minti ɗaya ce. Ni na ƙi, wata ta biya da ƙafarta.

Ranar kasuwar da ta wuce, da na ce miki zan je gaisuwar rasuwa, ƙarya na yi, Allah ya yafe min. Babanki ya sani. Motar 'yan kasuwa na shiga na tafi ƙauyen, da wannan gwiwar tawa, ina addu'a tun daga tasha har muka sauka. Tun abin da ya faru nake kauce wa garin, in an sa sunana sai in yi musaya da wata. Saboda ke na koma, ki san da wannan.

Na sami Ladi a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa, idonta ya yi rauni. Na yi sallama, ta ce, "Wace ce?" Na ce, "Hajara ce, malamar allura ta da." Ta ce, "Oho, Malama Akwai." Ashe sunan da garin suke kirana da shi ke nan shekara da shekaru, ni ban sani ba.

Ta ba ni kujera ta ce, "Kin ci abinci?" Ummi, wallahi bakina har ya buɗe da "na ci". Da ƙyar na kamo shi, na ce, "Ban ci ba." Ta kawo min faten doya, na cinye tas. Sannan na ce, "Ladi, roƙo na zo yi. An turo 'yata aiki garinku, duk Laraba. Ki taimake ni ki ba ta wurin kwana." A rayuwata ban taɓa roƙon ɗaki ba sai ranar, kuma ban mutu ba.

Ta ajiye gyaɗar hannunta ta ce, "Za ta iya kwana a ɗakina?"

Na ce, "Me zai hana?"

Ta ce, "Ranar da muka ɗauko abokiyarki na leƙa bukkar nan. Ƙasa a jiƙe, ga kashin ɓera, rabin rufi babu. Na ce wa mijina, matar nan ta dubi ɗakina, ta dubi wannan, ta zaɓi wannan. Na ce ko don ni Bagwariya ce, ko don coci nake zuwa, tana ganin tabarmata ba ta da tsarki. Ban gaya wa kowa ba sai shi, shi kuma ya mutu. Tun daga ranar ban sake yi wa malamin asibiti tayin ɗaki ba."

Shekara ashirin da wani abu matar nan tana ɗauke da wannan a ciki. Ni ina can ina tunanin ƙafar Asabe kaɗai na lalata. Na yi kuka a gabanta, kuka na gaske, ba na ɓoye miki. Da na sami bakin magana na yi mata bayanin tayi uku, yadda kakarki ta koya mana, da yadda muka tsaya a ƙofarta ina gyara igiyar akwati. Ta saurara har ƙarshe, sai ta fashe da dariya har da tari. Ta ce, "Wato ku sai an roƙe ku kafin ku kwana? In babban mutum ya ce min yana da abu, don me zan ƙaryata shi?" Ki ba ni amsar wannan in kina da ita, ke mai ilimin zamani.

Ta kama hannuna ta kai ni ɗakin. Ɗan ƙarami ne, a share, kusa da nata, ƙofarsu tana kallon juna. Ta ce za ta sayi sabuwar buta a kasuwa, babu mai taɓa ta sai ke. Sannan ta ce, "Ina ne gabas ɗinku a nan?" Na nuna mata. Ta je murhu ta ɗauko gawayi, ta laluba bangon da hannu, ta ja layi a daidai wurin, don kada ki sha wahalar nema in za ki yi salla.

Na ce, "Ladi, yarinyar nan halina ta ɗauko. Don Allah in ta ce miki akwai, ki sake tambaya."

Ta ce, "Ban iya ba, ba kuma zan koya da furfura ba. Sau ɗaya zan tambaya. In ta ce tana da shi, na yarda da ita."

To, kin ji. Na sa miki sabulu da sukari a ƙasan jaka, nata ne, ki miƙa mata da hannu biyu. Ki kira ta Mama. Ki ci abin da ta ba ki, kada ki tsaya juya cokali a ciki kina leƙe. In kin ga tana ɓarar gyaɗa, ki ajiye wayar nan ki sa hannu. In ta ce ki tashi, ki tashi ki bi ta, ba tambaya, ko takalmi kada ki tsaya nema.

Ranar Laraba da la'asar za ki same ta a ƙofar gida, ta ce min a nan za ta zauna. Ba na iya tafiya tare da ke in mintsine ki, wannan karon don ki faɗi gaskiya. Amma ki sani, in kika wuce ta kika nufi gadon asibiti, tsohuwar nan za ta ɗebo ruwa ta wanke layin gawayin daga bango, ba za ta ce wa kowa komai ba. Ni kuma ba ni da fuskar da zan sake komawa da ita in ce mata ba ƙyama ba ce.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo min da ke lafiya. Ya tsare gabanki da bayanki, ya rufe idon mugu daga hanyarki, ya kwantar da hankalin dajin nan da mutanen cikinsa. Ya sa albarka a hannunki da yaran da za ki taɓa. Ya ba Ladi lafiya da tsawon kwana, ya saka wa Asabe da abin da ni ba zan iya biyanta ba. Allah ya yi miki albarka duk da ciwon kan da kike ba ni, amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Hajara